Tambayi Bakanike: Gajeriyar Sandar Giya a Tsohuwar Motar Gudu

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon yawancinsu a kan sandar giya suke, daga masu riƙe da tsofaffin motocin gudu. Na taƙaita tambayoyin don fili ya ishe mu, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da Porsche 911 SC ƙirar 1982. Injin lafiya lau, jiki babu tsatsa, amma giyar ta hana ni jin daɗin motar. Sandar tana lilo ko da giya na ciki, tafiyarta daga lamba ɗaya zuwa biyu doguwa ce, kuma in na yi sauri sai lamba biyu ta yi ƙara kafin ta shiga. Abokaina sun ce in sayi gajeriyar sanda irin ta yanzu, duk matsalar za ta kau. Wacce zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Abubuwa uku ka lissafa mini, lilo da doguwar tafiya da ƙara, kuma kowanne da inda ya samo asali. Gajeriyar sanda na tsakiyar kaɗai take magancewa, shi kuwa ba ciwo ba ne, haka aka ƙera motar. Lilon ba za ta kawar da shi ba. Ƙarar nan ta lamba biyu kuma, ina jin tsoron ta ƙara mata tsanani.

Bari mu fara da sandar kanta. Ƙarfe ne da ke juyawa a kan gaɓa. Sama da gaɓar akwai dogon sashen da hannunka ke riƙe da shi, ƙasa da ita akwai gajeren da ke tura rodi zuwa giyabos. Mu ƙaddara na sama santimita 25 ne, na ƙasa 5. Duk santimita ɗaya da rodin zai motsa, sai hannunka ya yi tafiyar biyar. Idan giya na bukatar rodin ya motsa santimita 2 kafin ta zauna, hannunka zai yi 10. Abin da masu ƙera gajeriyar sanda ke yi shi ne su ɗaga gaɓar sama kaɗan, a ce na sama ya koma 24, na ƙasa 6. Tafiyar hannu ta dawo santimita 8 ke nan, an rage kashi 20 cikin ɗari. Sai dai ba a banza aka samu ba: ƙarfin da za ka sa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, tunda aikin da ake yi a cikin giyabos bai ragu da komai ba. Wannan lissafin ne kuma ke nuna maka daga ina lilo yake. Wasan milimita 2 kacal a ƙasa, kafin ya iso hannunka ya zama santimita guda cur. Ka sa gajeriyar sanda a kan wannan wasan, zai koma milimita 8. Lilo dai yana nan, ga kuma nauyi ya ƙaru.

A motarka injin yana can baya, giyabos na gabansa, sanda kuma tana tsakanin kujerun gaba. Saboda haka akwai dogon rodi da ya bi ta cikin ramin da ke tsakiyar mota ya haɗa su. Wurare uku ne ke cinyewa a wannan hanya. Akwai ɗan kofin roba mai tauri da ƙasan sandar ke zama a ciki. Akwai zoben da rodin ke wucewa ta cikinsa kusa da gindin sandar. Sai mahaɗin da ke can baya, inda rodin ya haɗu da sandar da ta fito daga giyabos, shi ma da bushin biyu a jikinsa, wato 'yan zobban roba masu hana ƙarfe gogar ƙarfe. Wannan na ƙarshen shi ne babban mai laifi, kuma ba sai ka shiga ƙarƙashin mota za ka gan shi ba. Ɗaga kafet ɗin da ke bayan kujerun gaba, za ka ga ɗan murfin ƙarfe a kan ramin. Kwance shi, ka haska fitila. Sau da yawa abin da nake tararwa a nan shi ne ɓarɓashin roba mai launin rawaya-rawaya a zube a ƙasa, wani ka murza shi da yatsa ya koma gari, fil ɗin mahaɗin kuma yana yawo a cikin rami ƙarfe da ƙarfe. Sa wani ya riƙa girgiza sandar a hankali kai kana kallo. Idan rodin gaba yana motsi amma na giyabos yana tsaye sai can ya biyo baya, to ka ga lilonka da idonka.

Bushin ɗin nan ba su da tsada, aikin kuma na yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Abu guda nake roƙonka: kafin ka sassauta maƙalar da ta riƙe rodin da mahaɗin, ka yi alama da fenti ko alƙalami mai kama ƙarfe, alamar tsawo da ta juyi duka. Wannan maƙalar ita ce saitin giyarka gaba ɗaya. In ta goce kaɗan, sai ka ga lamba biyar ta ɓace ko ribas ta ƙi samuwa, ka wuni kana laluben inda take.

Yanzu ƙarar lamba biyu, wadda ita ta fi damuna. A cikin giyabos kowace giya da gudun da take juyawa. Kafin haƙora su kama juna dole a daidaita gudun ɓangarorin biyu, kuma wannan aikin zoben sinkiro ne. Yana gogawa, ya rage gudu ko ya ƙara, sannan ya ba da hanya. Gogar nan tana cin lokaci, ko da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Cadillac ce ta fara sa wannan dabara a motocin sayarwa a 1928. Porsche ta fito da irin nata a 1952 a kan 356, zoben ƙarfe tsagagge mai buɗewa, kuma irinsa ne ke cikin giyabos ɗinka, wanda ake kira 915, da aka sa wa 911 daga 1972 zuwa 1986. A 1987 Porsche ta koma giyabos G50 na kamfanin Getrag mai sinkiro irin na kamfanin Borg-Warner, shi ya sa in ka tuƙa 911 ta 1987 za ka ji kamar ba 'yan gida ɗaya ba ne da taka. Zoben 915 ba ya son gaggawa ko yana sabo, balle ya shekara arba'in yana aiki. Gajeriyar sanda tana kawo hannunka kan zoben da wuri, da ƙarfi kuma, alhali shi lokacin da yake bukata bai canza ba. In ya gaji sai haƙoran su haɗu kafin gudu ya daidaita, abin da kake ji ke nan. Kowace ƙara kuwa ɗan ƙarfe ne ya gutsure daga bakin haƙori, ba ya dawowa.

Kafin mu ɗora wa zoben laifi, gwada kuloci. Tsaya wuri ɗaya, injin na aiki, giya a firi. Taka kuloci har ƙasa, ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan ka sa ribas a hankali. Ribas ɗinka ba ta da sinkiro, don haka ba ta rufa wa kowa asiri. In ta yi ƙara, kuloci bai saki gaba ɗaya ba. Na motarka da waya yake aiki, waya kuwa tana miƙewa da tsufa, sai a yi saiti ko a canza ta. Duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu, domin in sun saki, giyabos ɗin kan motsa ya bar rodin a wani wuri, musamman a kwana. Sannan mai. 915 na cin kusan lita 3, kuma man giya mai lambar GL-5 yake so, saboda difiranshal, wato akwatin da ke raba juyi ga tayoyi, na haɗe da giya a wuri ɗaya. Da yawa daga masu gyaran wannan giyabos sun fi son man gargajiya a kan na zamani mai santsi sosai, tunda zoben da goga yake aiki, ni ma ina tare da su. Ka fara kwance notin zubawa na gefe kafin ka taɓa na juyewa na ƙasa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa. Baƙin laushi kamar toka ba komai ba ne. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce, wannan labari ne daban.

In ka yi duk wannan, ka sake koyon hannunta. Motsi biyu ake yi: ka fitar zuwa firi, ka ɗan numfasa, sannan ka jingina sandar a bakin giyar da yatsu biyu ko uku, ka bar ta ta karɓa da kanta. Za ka ji lokacin da ta buɗe maka. Idan da wannan lallashin ma lamba biyu ba ta daina ƙara ba, to zobe da haƙoran sun ƙare, sai an sauke giyabos. Babu sandar da za ta ɗauke maka wannan aikin, ko nawa kuɗinta.

To a ce giyabos lafiya, bushin sababbi, kuma har yanzu kana son tafiyar ta ragu. Ban hana ka ba. Porsche da kanta ta sayar da gajeriyar sanda a tsakiyar shekarun 1980, mai lambar zaɓi M241, wadda ke rage tafiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan gwargwadon ya isa, kuma ba na son wanda ya zarce shi nesa a kan 915. Amma da ni ne mai motar, wani gyaran zan sa a gaba. Sandar 915 ta asali ba ta da sifirin mai dawo da ita layin uku da huɗu daga ɓangaren ɗaya da biyu. In ka sake ta a firi, inda ka bar ta nan take zama. Hatsarin shi ne ranar da kake gudu a lamba biyar, ka zo saukowa huɗu, hannu ya ɗan zarce ka faɗa biyu. Kana sakin kuloci tayoyi za su ja injin ya wuce iyakarsa, kuma na'urar da ke hana injin wuce gona da iri ba ta da abin yi a nan, domin ba mai ne ke juya shi ba, tayoyi ne. Bawul ya haɗu da fistin, injin ya tashi aiki. Akwai kayan da ke ƙara wannan sifirin ɗin a kan gindin sandar asali, akwai kuma cikakkiyar sanda irin ta kamfanin WEVO da ke zuwa da shi. Wannan kam kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Corvette ce gare ni ƙirar 1966 mai giya huɗu. Na cire sandar asali na sa ta Hurst. Tunda na sa, lamba uku sai na yi kokawa da ita, kuma sau ɗaya sandar ta maƙale gaba ɗaya a kan hanya, ba gaba ba baya. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Alhaji, ina kyautata zaton sandarka lafiyarta ƙalau, saiti ne bai zauna ba. Giyabos ɗin Muncie da ke motarka daga waje ake sarrafa shi. Rodi uku ne suka taso daga gindin sanda zuwa gefen akwatin: na ɗaya da biyu, na uku da huɗu, sai na ribas. Sandar tana iya tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan ne kawai idan hannayen nan uku da ke gindinta sun jeru daidai a firi. In rodi ɗaya ya fi tsawo ko da zare biyu ne, ƙofar tsallakawa ta ƙuntata, abin da kake ji ke nan a lamba uku. Maƙalewar kuma, sandar ce ta kuɓuce ta koma wani layin alhali giyar farko ba ta gama fita ba.

Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. Cire rodin uku daga gindin sandar. Akwai rami da ya ratsa jikin gindin da hannayen uku, ka zura fil mai kaurin kwatan inci, wato ɗan sama da milimita 6, ya kulle su a firi. Je gefen giyabos ka mayar da kowane hannu firi da hannunka, za ka ji ya faɗa gurbinsa. Sannan ka riƙa juya kan kowane rodi a kan zarensa har ya shiga raminsa salin-alin, ba ja ba turawa. In sai ka danna kafin ya shiga, bai yi ba, sake juyawa. Ka sa makullan, ka zare fil ɗin.

Saura notin tsayawa guda biyu da ke gaba da bayan gindin. Aikinsu su tare hannunka bayan giya ta zauna, don kada ƙarfin ya sauka a kan kayan ciki. In an ɗaure su da yawa, giya ba ta gama shiga, sai ta riƙa tsalle tana fita. Sa giya ta zauna sosai, juya notin har ya taɓa, dawo da shi baya gwargwadon yadda takardar kayan ta ce, sannan ka kulle.

Hurst ba baƙuwa ba ce a motocin Amurka. George Hurst ya kafa sana'ar a jihar Pennsylvania, kuma Pontiac GTO ta 1964 da sandarsa ta fito daga masana'anta. Amma Corvette ɗinka ba da ita ta zo ba. Tata tana da ɗan maɗagi a ƙarƙashin ƙullin da hannu ke riƙewa, wanda sai an ja shi sama kafin ribas ta shiga. Ka wanke waccan sandar da rodinta da notinta, ka shafa giris, ka naɗe ka adana. Ƙungiyar masu maido da Corvette yadda take, NCRS, wadda aka kafa a 1974, irin waɗannan ƙananan abubuwan take dubawa in tana auna mota, mai saye ma da ya san abin da yake yi zai tambaye ka ina take. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a shi ne in ga mota mai shekara sittin an yanke mata ƙasa don sabuwar sanda ta samu wuri, an kuma jefar da ta asalin. Duk gyaran da sufana za ta iya mayarwa yadda yake, ina maraba da shi. Wanda sai an sa zarto, a yi tunani sau biyu.

Tambaya: Malam, MGB ce ta mahaifina ƙirar 1965, yanzu tana hannuna. Lamba ɗaya tana ƙara in motar na ɗan motsi, tana kuma kuka in ana tafiya a cikinta, sandar kuma tana zizza a kan babbar hanya. An ba ni shawara in cire giyabos ɗin in sa mai giya biyar. Me ka gani?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a wannan riƙo. Biyu daga cikin abubuwan da kika faɗa halin motar ne tun ranar da ta fito. An yi MGB daga 1962 zuwa 1980, kuma waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967 ba su da sinkiro a lamba ɗaya. Ba ita kaɗai ba ce: Jaguar E-Type da ta fito a 1961 ma haka take har zuwa 1964. Lamba ɗaya ta tashi daga tsaye ce kawai. Ki tsaya cak, ki taka kuloci, ki ɗan taɓa lamba biyu don zobenta ya tsayar da kayan ciki, sannan ki wuce ɗaya. Za ta shiga shiru. In motar na motsi ko yaya, biyu ta ishe ki. Kukan kuma na haƙoran lamba ɗaya ne, miƙaƙƙu aka yanka su, kuma miƙaƙƙen haƙori da kuka yake aiki.

Zizzar ce kaɗai abin gyara. A gindin sandar akwai ɗan sifirin da ɗan fil da ke matse ta don kada ta yi rawa, da kuma bushin a can ƙasanta. Sifirin ya mutu ko bushin ya cinye. Daga cikin mota ake ciro sandar, ba babban aiki ba ne.

Maganar giya biyar, fara duba ko motar tana da obadiraib. Wani ƙaramin akwati ne na kamfanin Laycock da ke manne a bayan giyabos, da makunni ake sa shi, yana aiki a lamba uku da huɗu, kuma yana sauke juyin injin da kusan kashi ɗaya cikin biyar. In akwai shi, abin da giya ta biyar za ta ba ki kina da shi, har da ƙari, tunda ba sai kin taka kuloci ba. In ya daina aiki, yawanci waya ce ko makunni ko ƙarancin mai. Ki lura, wannan giyabos baƙin man injin yake sha, 20W-50, kada a zuba masa mai kaurin nan na difiranshal, obadiraib ba ya jituwa da shi. In babu obadiraib kuma doguwar tafiya kike yi a kai a kai, mutane da yawa a Ingila suna sa giyabos ɗin Ford da ake kira Type 9, wanda ya fito daga Sierra, kuma yana aiki da kyau. Sai dai motar za ta canza hannu. Wanda ya saba da ita zai shiga ya ji kamar ba ita ba. Tunda ta mahaifinki ce, ina ganin ki gyara sifirin, ki canza mai, ki tuƙa ta wata shida da dabarar da na faɗa miki, sannan ki yanke shawara.

Tambaya: Datsun 240Z ƙirar 1973. Zan canza bushin ɗin sanda, na roba zan sa ko na tagulla? Sannan wani lokaci in na ɗaga ƙafa daga totur, lamba uku tana fita da kanta.

Amsa: A motarka sandar kai tsaye take shiga wutsiyar giyabos, babu dogon rodi, don haka 'yan bushin ɗin da ke gefen fil da ɗan kofin ƙasa su ne komai. Tagulla ta fi daɗewa kuma ta fi ba da tsayayyen hannu, amma duk rawar giyabos za ta kawo maka ita tafin hannu, wani lokaci har da 'yar ƙara. Motar yawo ce? Sa na roba. Ta filin tsere ce? Sa tagulla da ɗan giris.

Fitar giya ba daga bushin take ba. Fara da mai sauƙi: robar da ta rufe ramin sanda a ƙarƙashin fatar ado, in ta bushe ta yi tauri, tana iya jan sandar baya duk lokacin da injin ya girgiza. Cire ta ka zaga ka gani. Duba robar da wutsiyar giyabos ke zaune a kai. Bayan nan akwai 'yan ƙwallaye da sifirin da ke riƙe giya a gurbinta. In duk waɗannan lafiya, to bakin haƙoran lamba uku ne ya lashe, sai an buɗe. Kada ka saba da riƙe sandar da hannu don hana ta fita, gyaran gangar auzinawa ne, za ka cinye ƙarfen da ke tura giyar shi ma. Mai kuma GL-4 za ka zuba, saboda zobban sinkironka na tagulla ne, sinadaran GL-5 kan yi musu santsi da yawa.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne, kuɗina kaɗan. In na yanke sandar da zarto na rage mata tsawo, ba shi ke nan na samu gajeriyar sanda ba?

Amsa: Ɗana, tafiyar za ta ragu, gaskiya ne, lissafin da na yi a amsar farko bai canza ba. Amma nauyi zai ƙaru, kuma ƙullin zai yi nisa da sitiyari. Dubi motocin tsere irin na rali, sandunansu dogaye ne, ƙulli dab da sitiyari, don hannu ya je ya dawo da wuri. Lokacin da ka rage a tafiyar sanda za ka biya shi a miƙa hannu. Ga shi kuma ka yanke zaren da ƙulli ke ɗauruwa a kai, wasu sandunan ma roba ce a cikinsu tsakanin ƙarfe biyu don shanye rawa. Kuɗin da ke hannunka sa shi a bushin da man giya.

Tambaya: Mazda MX-5 ta 1990 nake da ita. Giya tana tauri da safe, kuma zafi na tasowa ta gindin sanda. Ƙulli mai nauyi zai taimaka?

Amsa: Malam, sandar MX-5 tana cikin mafi gajerun da aka taɓa sa wa motar sayarwa, tun fitowarta a 1989 ake yabonta a kan haka, don haka ba ta bukatar ƙari. Zafin da kake ji shaida ce cewa robobin nan biyu da ke ƙarƙashin fatar ado sun yage, babbar da ke rufe ramin jikin mota da ƙaramar da ke rufe bakin giyabos. Ƙasan sandar yana zaune ne a cikin wani ɗan gurbi mai nasa man daban, wanda bai kai mililita 100 ba. In ƙaramar robar ta yage, man ya ƙafe ko ya cika da ƙura. Ciro sandar, tsotse tsohon man da sirinji, zuba sabon man giya, canza ɗan kofin da ke ƙarshen sandar da robobin biyu.

Ƙulli mai nauyi yana sa canji ya yi laushi a hannu, saboda nauyinsa na taimakawa wajen ƙarasa turawa, amma ba ya gyara komai a ciki, kuma na ƙarfe yana ɗaukar zafi in mota ta zauna a rana. Taurin safe kuwa, mai ne bai ɗumama ba tukuna. In ya wuce bayan tafiyar minti goma, ba matsala ba ce, ka dai riƙa bin lamba biyu a hankali kafin nan. In bai wuce ba ko bayan ka canza mai, yi gwajin kulocin da na bayyana a amsar farko. Naka da ruwa yake aiki, don haka ka leƙa ƙaramin silindan da ke gefen giyabos, ka ɗaga robar bakinsa ka ga ko akwai jiƙa a ciki.